Rassa Biyu a Gefen Jinin Kofur

Tsohuwa Gunda ce ta tsinci gawar, wata Talata da hantsi, cikin Oktoban 1944. Itace ta je tsinta a dajin da ke bayan mahaƙar dutse, ta dawo a guje, babu itacen, babu takalmin ƙafa ɗaya. Kafin a aiko a kira ni, rabin ƙauye sun riga ni zuwa. Shekara talatin da takwas ina gadin dajin nan, ina bin sawun dabbar da aka harba ta gudu da rauni, kuma har yau ban ga abin da ke ɓata sawu kamar 'yan kallo ba. Sun tattake ko'ina, har da mai gidan burodi da garin alkama a gemunsa.

"Ku ja baya mana!" na daka musu tsawa. "Biki aka ce muku ana yi?"

Kofur Tiedemann ne, direban babbar motar da ke jigilar akwatunan bindiga daga mahaƙar, wadda soja suka mai da rumbun makamai tun farkon yaƙi. Yana kwance rub-da-ciki cikin sarƙaƙiya, harsashi ɗaya a kwiɓi, ɗaya a ƙeya.

"Ɗan Polan ɗin nan ne," in ji matar mai burodi, ta ɗaga murya don in ji. "Ludwik na gidan Kress."

"Ba ranar Lahadi suka yi cacar baki ba, da kofur ya buge masa doki da mota?"

"Ni da ma bai taɓa kwanta mini a rai ba. Mutum ba ya magana, sai ido."

"To ke da ba kya rufe baki, me muka ƙaru da shi?" na ce. Ba wanda ya yi dariya.

Ni ne Kress ɗin. Ludwik yana cikin 'yan Polan da aka kwaso ƙarfi da yaji aka rarraba wa gidaje su yi aiki. Shekara huɗu muna sarar itace tare. Ran da gungume ya karya mini ƙafa a tsakiyar daji, cikin ƙanƙara, shi ya goyo ni har gida, alhali da ya ga dama da ya bar ni nan ya yi tafiyarsa. Ɗana guda ɗaya ya tafi fagen daga a Rasha bai dawo ba. Ban ce Ludwik ya maye gurbinsa ba, amma da safe in na ji sarar gatarinsa hankalina yakan kwanta.

Ana cikin haka wata baƙar mota ta tsaya a bakin hanya, mutane suka dare. Kwamishina Eberwein ya fito, shugaban 'yan sandan ciki na gundumarmu, yana gyara safar hannunsa ta fata mai ruwan ƙwai. Kafin yaƙi takalma yake sayarwa a birni. Yanzu kuwa in ya gaishe ka a titi, sai ka koma gida kana tunanin abin da ka faɗa jiya. Shi da Manjo Lutterbeck, mai kula da rumbun makaman, ba sa ga maciji, kowa ya san kowannensu wuyan ɗayan yake nema.

"Tsoho," ya ce mini, "na kama ɗan Polanka. Akwai jini a hannun rigarsa. Ranar Litinin za a rataye shi a dandalin kasuwa."

"Yallaɓai, jinin zomo ne. Ni na ba shi ya feɗe."

"Na tambaye ka?" Ya yi murmushi. "Sai dai fa ɗan Polan ba ya ƙera bindiga, wani ya ba shi. Watanni ke nan akwatuna suna ɓacewa daga mahaƙa. Jibi Dokta Quast zai iso daga hedikwatarmu a kan maganar, kuma ina so in damƙa masa wanda ya fi mai sarar itace girma. Ɗauki karenka ka bi mini sawu."

* * *

Na sa wa karena Arko igiya, muka bi jinin da baya. Kwamishina ya tsaya wurin mota, ba ya son taɓo a takalminsa. Taku ɗari uku muka yi cikin ƙaya kafin mu ɓulla tsohuwar hanyar da ake jan gungume. Nan na ga sawun tayar babbar mota. Na ga inda kofur ya tsaya ƙafa a haɗe, tsayuwar mai sauraron na gaba da shi, na kuma ga inda ya juya ya zura da gudu. Sawun ɗayan mutumin an share shi da ganye. Na Ludwik babu shi ko kusa, ko a mafarki kuwa na san takunsa, diddigen hagunsa yakan karkace.

Sai na ga abin da ya sa tsigar jikina ta tashi. Daidai ɗigon jini na farko an kafa ɗanyen reshe a tsaye. Kusa da shi an kwantar da wani, bakinsa na nuna inda kofur ya gudu. Taku goma a gefe akwai kututture, gansakukar kansa ta kwanta, diddige biyu sun lotsa ƙasa sosai a gabansa.

Duk maharbin ƙasar nan ya san wannan. In ka harbi barewa ta gudu da rauni, ba ka bin ta nan take. Sai ka kafa reshe inda harsashi ya same ta, ka kwantar da wani ya nuna inda ta nufa, ka zauna ka jira rabin sa'a ko fiye, har ciwon ya kwantar da ita. Sannan ka bi ta a hankali ka ƙarasa ta. Abin da aka yi wa Kofur Tiedemann ke nan, ɗan mutane, mai mata da 'ya'ya biyu.

A gindin kututturen, a fili ƙuru-ƙuru, ga kwanson harsashi, dogo, irin na tsohuwar bindigar farauta. Mutum ɗaya ke da irinta a gundumar nan, Manjo Lutterbeck, wanda kakanninsa suka yi farauta a dajin nan tun kafin a gina cocinmu.

Na ji takun Kwamishina yana tahowa, ashe ya kewayo ta hanya. Ban tsaya shawara da zuciyata ba, na tuge rassan na cusa cikin jaka. Kunya ce ta kama ni, don al'adar nan ubana ya koya mini ita saboda tausayin dabba, ga shi an yi kisan kai da ita. Kwanson kawai na miƙa masa.

Ya jujjuya shi. "To fa. Manjo namu." Sannan ya leƙa ta bayan kafaɗata. "Shi ke nan? Babu wata alama?"

"Babu, Yallaɓai."

Ya daɗe yana kallona. "Idonka ya fara tsufa, Kress," ya ce.

* * *

Laraba da safe na je ofishin 'yan sandan ciki a gari da burodi da dafaffen dankali da matata Ottilie ta ƙulla mini. Mai gadin kurkukun ya san ni, na sha ba shi cinyar barewa. Ya ce minti biyar.

Ban gane Ludwik ba sai da ya yi magana. Ido ɗaya ya rufe ruf, leɓensa ya kumbura ya tsage.

"Baba, ka zo."

"Ci wannan tukuna."

"Haƙorana ba za su iya ba. Ka ce wa Mama na gode." Ya matso jikin ƙarafan, ya rage murya. "Suna so in sa hannu a takarda. Wai Manjo yana sayar mana da bindiga don mu yi bore, wai kofur ya gane, Manjo ya sa na kashe shi. Baba, ni ko magana ban taɓa yi da Manjo ba. Hula kawai nake cire masa."

"Ka sa hannun?"

"Ban sa ba. In na sa, mu nawa za a rataye a ƙauyen nan? Har da matan da ke haƙar dankali."

"Ranar Litinin da yamma ina kake?"

"Ina gasa wa doki ƙafa. Kai ka ce in yi."

Haka ne kuwa, ni na sa shi, kuma na faɗa wa magatakardansu, ko ɗaga alƙalami bai yi ba. Ludwik ya ziro hannu ya kama nawa.

"Ka bi sawun?"

"Na bi."

"Ka ga nawa?"

"Babu naka."

"To ka faɗa musu mana, Baba. A kan sawu kowa yana yarda da maganarka."

"Zan faɗa," na ce. "Ka ba ni lokaci in san wanda zan faɗa wa."

Ya sake ni a hankali. "Litinin dai," ya ce.

* * *

Daga can na wuce gidan farautar Manjo, jikina duk a sanyaye, don a lokacin na ɗauka gidan mai kisa zan shiga. Na same shi a tsakar gida, dogon tsoho mai dogara sanda, tsaye a kan wata barewa da ya harbo da safen nan.

"Kress. An ce ka tsinci kwansona."

"Na tsinta, Yallaɓai."

"Kwalin harsashi guda ya ɓace mini ran da na yi liyafar farauta a watan jiya. Baƙi ashirin na tara. Kai da ka san ni, na yi maka kama da mai barin kwanso a daji? Ko zomo na harba, a aljihu nake sa shi."

Gaskiya ne, na sha gani. Na yi ta maza na tambaye shi labarin kofur.

"Ranar Asabar ya zo mini jiki na ɓari," in ji Manjo. "Ya ce wani babba yana sa shi sauke akwatuna a hanyar daji, wani dillali yana kwashewa ya haye iyaka da su. Ya gaji, yana so ya zare hannunsa. Ya ce Talata zai kawo mini suna."

"Ba ka kai ƙara ba, Yallaɓai?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Wurin wa? Wurin mai sayar da takalman nan? Kuma in aka zo aka buɗe rumbuna ana dubawa, akwai abin da ni ma ba na so a gani. Yaƙin nan ya ƙare, Kress, sanarwa kawai ta rage. Kowa yana gyara wa kansa wurin sauka. Ɗan Polanka kuwa, Allah ya ji ƙansa."

Raina ya ɓaci, mutum yana da ransa ana yi masa addu'ar matattu. Amma kafin in ce wani abu ya miƙa hannu ga bishiyar da ke gefensa, ya karya ɗan reshe da babban yatsa, ƙas, ya sunkuya ya sa wa barewar a baki, lomar ƙarshe, yadda ake yi. Ko kallon hannunsa bai yi ba.

Na tsaya cak. Maharbin gado ba ya yanka reshe da wuƙa, karyawa yake yi. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa mutum a daji, kuma da mari ake koyar da shi.

Ban jira na isa gida ba. A bayan katangarsa na buɗe jaka. Rassan biyu duk yankakku ne, yanka ɗaya a karkace, sumul. A kan kowane yanka kuma akwai wani siririn layi da ya taso, irin wanda wuƙa mai giɓi take bari.

Na san wuƙar. Shekara biyu da suka wuce, da manyan gwamnati suka fara yayin farauta, Eberwein ya sa ni in koya masa. Ya haddace komai tsaf, sai abu ɗaya. Ba ya yarda ƙaro ya ɓata masa safar hannu, don haka wuƙa yake zarowa. Sau nawa na yi masa magana! A gabana ya yi mata giɓin, yana ƙoƙarin ɓamɓare hauren aladen daji. Na ce ya kawo in wasa masa, ya ce kyauta ce daga manya, ba mai taɓa ta. Shi ne babban da kofur ya so ya tona. Shi ya kafa rassan, ya yar da kwanson harsashin da ya sace, don a ce aikin Manjo ne, shi ya sa yake tambayata wata alama. Wanda ya sa ni bin sawu shi ne mai sawun, kuma ya san na ɗauke wani abu daga wurin.

Na zauna a ƙasa daɓas.

* * *

"To me kake jira?" in ji Ottilie ranar Alhamis da safe, ta dangwarar mini da kofin shayin gasasshen sha'ir a gaba. "An ce baƙon ya sauka a masaukin bakin gada. Tashi ka kai masa."

"Ke kin san ko wane ne Quast ɗin? Ɗan sandan ciki ne fa, duk ɗaya suke. In abokinsa ne, mu uku za a rataye."

"In ba abokinsa ba ne fa?"

"Sai Litinin ne, Ottilie. Akwai lokaci."

"Bawan Allahn nan bai ce akwai lokaci ba ran da kake kwance cikin ƙanƙara. Haba Balduin! Shekara arba'in ina wanke maka safa, ban taɓa sanin matsoraci na aura ba."

Maganar ta ƙona ni. Na rataya jaka na fita ko sallama ban yi ba.

Da tsakar rana na isa masaukin. Suna zaune bakin taga, Eberwein da wani siririn mutum mai tabarau, suna cin gasasshen nama. Eberwein yana ta dariya, baƙon ba ya yi. Na tsaya a ƙofa, hula a hannu.

"A'a, ga maharbinmu! Shigo, tsoho. Dokta, wannan ne ya tsinci kwanson." Ya taso ya dafa kafaɗata, ya matse. "Na yi ta tunani, Kress. An ce maharban gado ba sa iya harbi ba su bar alama ba. Ka tabbata ba ka rufa wa tsohon ubangidanka Manjo asiri ba? Ka san abin da ake yi wa mai ɓoye shaida, da shi da gidansa. Yaya matar taka? Ottilie, ko?"

Dokta Quast ya ajiye cokali ya dube ni. "Kana da magana ne?"

Ga jaka a kafaɗata, ga mutumin a gabana, baki kawai zan buɗe. Na gaya wa kaina cewa Eberwein zai ce daga tsohuwar farauta na tsinto rassan, gara in jira in kama shi a hannu. Akwai gaskiya a ciki. Amma babbar gaskiyar ita ce tsoro na ji.

"Yallaɓai," na ce, "barewa sun yi yawa a gangaren mahaƙa. Na ce ko babban baƙo zai so a fita farauta jibi Asabar, da Kwamishina da Manjo."

Quast ya cire tabarau yana gogewa. "Har da Manjon? Madalla. Ina so in ga mutanen nan biyu wuri ɗaya. Ɗan Polan ɗin kuma, in mun dawo zan ji ta bakinsa da kaina."

Da na koma gida Ottilie ta dubi jakar, ta dube ni. Ba ta sake ce mini uffan ba har Asabar.

* * *

Ranar Asabar na raba musu wuraren tsayawa, ni da Arko muka koro musu barewa. Manjo ya kayar da tasa nan take. Eberwein ya harbi tasa a ciki kamar yadda ya saba, ta gudu, na bi na ƙarasa ta. A hanyar dawowa na tsaya inda ya kafa reshensa na ɗauke, na kuma ɗauki wanda Manjo ya ɗora a kan tasa.

Da rana muka taru a gaban bukkar daji. An shimfiɗa barewa biyun a kan ganye, ana zagayawa da kwalbar barasa, 'yan rakiyar Quast biyu suna tsaye da bindigogi. Na cire hula.

"Yallaɓai Dokta, na yi laifi. Na ɓoye shaida." Na fito da rassan biyu, sun fara yaushi, gindin ɗaya da baƙin jini. "Inda aka harbi kofur na tsince su, ɗaya a kafe, ɗaya a kwance."

Eberwein ya miƙe zumbur. "Yauwa! Ai na sani! Na ce akwai alama! Dokta, alamar maharba ce wannan. Mai kisan farautar barewa ya yi wa kofur. To a nan wa aka haifa da bindigar farauta a hannu? Kwanson kuma na wa?"

Fuskar Manjo ta yi fari fat. "Har da kai, Kress?" ya ce.

Ban dube shi ba. "Kwamishina ya yarda daga wurin suke?" na tambaya.

"Daga wurin suke mana, tsohon banza! Ba ga jinin nan ba? Na shaida."

Na jera su a kan teburin katako. Kusa da su na ajiye wani. "Wannan na Manjo ne, na safiyar yau." Bakinsa a tsattsage, karyayye. Na ajiye na huɗu. "Wannan kuma na Kwamishina ne, shi ma na yau. Yallaɓai, ka shafa bakunansu da farce."

Quast ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ture na Manjo gefe, ya ɗaga sauran ukun ga haske ya jera bakunansu. Layin ya zo wuri ɗaya a duka ukun.

"Karyawa ake yi," in ji Manjo a hankali. "Da ubana ya gan ni da wuƙa a jikin reshe, da ya kore ni daga gida."

"Eberwein," in ji Quast, "ara mini wuƙarka."

"Haba Dokta, maganar wannan jahilin ɗan daji za ka..."

"Wuƙar."

'Yan rakiyar suka gyara tsayuwa. Eberwein ya zare ta ya miƙa. Quast ya yanki reshe da kansa, ya shafa, ya gyaɗa kai.

"Bindigogin gwamnati, ana tsakiyar yaƙi," ya ce. Kofur ko ambatonsa bai yi ba. "Eberwein, ka san shekara nawa nake jira ka yi irin wannan wautar?"

Ashe su ma ba sa shiri. Wayyo, da na sani tun Alhamis! Eberwein ya shiga ihu a je a buɗe rumbun Manjo a gani, shi ma ɓarawo ne. Quast ya ce za a zo kan Manjo shi ma. Da suka zo wucewa da shi ta gabana sai ya daina ihun, ya dube ni.

"Ka gaida mini ɗan Polanka," ya ce.

Na bi Quast har jikin mota. "Yallaɓai, Ludwik fa?"

"Wa?"

"Wanda aka kama."

Ya yagi takarda, ya rubuta layi biyu a kan gwiwarsa, ya sa hannu. "Je ka ɗauki kayanka."

* * *

Ban san tsoho mai karyayyar ƙafa zai iya tuƙa keke haka ba. Arko na bi na a guje, ƙarfe uku muka isa gari. Mai gadin ya karɓi takardar ya karanta, ya sake karantawa, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Baba Kress, ai ba ya nan."

"Kamar yaya ba ya nan? Sai Litinin aka ce!"

"Jiya Juma'a da sassafe Kwamishina ya sa aka haɗa shi da fursunonin da ake kaiwa sansanin gwale-gwale. Ya ce ba ya so babban baƙo ya wahala da jin ta bakinsa."

"Wane sansani?"

"Ba a rubuta ba. Taragu tara ne, a hanya ake rarraba su. Gabas dai suka yi." Ya miƙo mini takardata. "Har ya tafi bai sa musu hannu ba. Ranar Alhamis kuwa wuni ya yi yana tambayata ko ka zo."

Hular Ludwik tana yashe a kusurwar ɗakin da aka tsare shi. Na ɗauka na ba Arko ya shinshina. Ban san abin da nake nema ba, hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba. Karen ya sa hanci a ƙasa, ya ja ni ta ƙofar baya, ta lungun majema, ta gefen masaukin bakin gada, mutane suna tsayawa suna kallonmu. Muka shiga tashar jirgi ta ƙofar kaya. Ya bi dakali har ƙarshe, inda ake loda shanu, ya kai bakin ƙarfen dogo. Ya yi gaba, ya dawo baya, ya yi ɗan kuka. Sannan ya zauna ya ɗago kai yana kallona, yadda yake yi in sawu ya yanke yana jira in nuna masa inda za mu nufa.

Tun Laraba na san gaskiya. Ranar Alhamis Ludwik yana nan da ransa, titi biyu tsakaninsa da teburin da na tsaya a gabansa da jaka a kafaɗa ina maganar barewa. Bayan yaƙi na rubuta wasiƙa duk inda aka ce ana neman ɓatattu, shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa ganin sunansa.

Ma'aikacin tasha ya zo ya ce ba a zama a nan. Na ninke takardar sakin na sa a aljihu, na ja igiya.

"Tashi mu je gida, Arko," na ce.

Ya ƙi tashi. Sai na zauna kusa da shi.